Daga Quetico zuwa Boundary Waters a kwalekwale: yadda ake gabatar da kai ga kwastan

Ranar da muka fito daga daji bayan kwana shida, mun jawo kwalekwalenmu kan gaɓar tafkin Moose, kusa da garin Ely a arewacin Minesota, da misalin ƙarfe uku na rana. Babu shinge, babu tuta, babu mai kaki ko ɗaya. Motoci ne kawai jere a fili, ƙura ta rufe gilasansu, sai wani allon katako mai taswira. Kwana huɗu daga cikin shidan nan a ƙasar Kanada muka yi su, ga shi mun dawo Amurka babu wanda ya ce mana daga ina. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar yana ɗaure bakin jakarsa ya ce mu wuce gari kawai mu ci abinci mai zafi, shi bai taɓa ganin an tare kowa ba.

Ban bi shawararsa ba, kuma ina roƙonka, ɗan'uwa, kai ma kada ka bi. Doka ta wajabta wa duk wanda ya taka ƙasar Kanada ya dawo Amurka ya gabatar da kansa ga jami'an iyaka nan take, ko da a kwalekwale ya shigo, ko da babu kowa a bakin ruwan. Haka abin yake a wajen shiga Kanada. Rashin ofis a daji bai ɗauke nauyin ba, ya dai mayar da shi wuyanka kai kaɗai. Ga mai fasfon Najeriya ko na Nijar kuwa, abin da za a rasa ya fi na abokin tafiyarsa Ba'amurke nesa ba kusa ba.

Fara sanin wurin da masu iko da shi

Daji biyu ne suka jingina da juna. A kudu akwai Boundary Waters, cikin gandun dajin Superior na gwamnatin tarayyar Amurka, mai faɗin eka sama da miliyan ɗaya da tafkuna fiye da 1,000, ya bi iyaka tsawon kusan kilomita 240. A arewa akwai Quetico, gandun lardin Ontariyo na Kanada, wanda aka kafa a 1913, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 4,700. Ƙasar kakannin al'ummar Ojibwe ce, kuma ta nan 'yan kasuwar fatu suka riƙa bi da manyan kwalekwale tun kafin a san da wata iyaka. Iyakar ta ratsa tsakiyar ruwa ne: Saganaga, Knife, Basswood, Crooked, Lac La Croix. Tsakanin tafki da tafki akwai turbar dako, inda ake kifa kwalekwale a kafaɗa, a goya jakunkuna, a taka zuwa ruwa na gaba.

Babban ruɗanin da ke kama mutane shi ne ɗaukar hukumomin nan a matsayin abu ɗaya. Huɗu ne, kowacce da takardarta. Hukumar gandun dajin Amurka ita ke ba da izinin kwana a Boundary Waters. Hukumar gandun Ontariyo ita ke ba da na Quetico. Hukumar iyakokin Kanada, CBSA, ita ke da ikon cewa ka shiga Kanada. Hukumar kwastan da tsaron iyakar Amurka, CBP, ita ke da ikon cewa ka dawo. Ma'aikacin gandun da za ka tarar a ɗan ofishin Prairie Portage ko na Cache Bay yana karɓar kuɗin kwana, ya karanta maka dokokin daji, ya faɗa maka inda aka hana kunna wuta. Shi ba kwastan ba ne. Takardar da ya miƙo maka ba ta shigar da kai Kanada a idon doka ba.

Mataki na farko: zana hanyarka, ka ga ko za ka tsallaka ne da gaske

Ba kowace tafiya a bakin iyaka ce tsallakawa ba, kuma a nan ne ya kamata mutum ya zauna da taswira tun watanni kafin ranar.

Yarjejeniyar Webster da Ashburton ta 1842, wadda Amurka da Birtaniya suka daidaita wannan iyaka da ita, ta ce hanyoyin ruwa da turbobin dako da aka saba bi daga tafkin Superior zuwa Lake of the Woods za su kasance a buɗe ga 'yan ƙasashen biyu. Shi ya sa masu bin layin iyaka ke sauka a turbar da ke gefen Kanada, su sungumi kwalekwale su wuce, ba tare da an ɗauke su masu shiga ƙasa ba. Amma wucewa ce kawai aka yarda da ita. Ka kafa tanti a can, ko ka shimfiɗa abinci a kan dutse ka ci, ko ka hau tudu yawon kallo, to ka fita daga inuwar wannan yarjejeniya. Kanada ta kuma sassauta dokarta a 2017: jirgin ruwan shaƙatawa da ya leƙa ruwanta ya fita, bai taɓa gaɓa ba, bai jefa anga ba, bai haɗu da wani jirgi ba, ba dole ne ya kai rahoto ba. Kamun kifi kuwa lissafinsa daban: muddin ƙugiyarka na ruwan Ontariyo, sai da lasisin Ontariyo.

Lura da kalmomin yarjejeniyar da kyau, domin 'yan ƙasashen biyu ta ambata. Wanda ke Amurka da bizar karatu ko ta aiki bai cikin waɗannan. Shawarata gare shi ita ce ya zaɓi hanyar da ke cikin Amurka gaba ɗaya, ya nisanci layin iyaka. Tafkunan da ke ciki sun ishi mutum yawon shekara ashirin bai gama ba.

Ta yaya za ka gane iyakar a ruwa? Taswirar daji mai jure ruwa tana nuna ta da layi, kuma a wasu duwatsun gaɓa za ka ga alamun ƙarfe da aka dasa. Na farkon da na gani a tafkin Knife ne, ɗan tsinin ƙarfe da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, an kafe shi cikin dutse, gansakuka ta kewaye gindinsa. Da ba a nuna mini ba da na wuce shi. Kada ka jira alama ta tsayar da kai, ka riƙa bin taswira da kamfas, mai zama a gaba ya riƙa faɗin sunan kowane tsibiri da kuka wuce.

Mataki na biyu: duba fasfonka kafin ka duba filafilinka

Ɗan ƙasar Amurka yana buƙatar fasfo, ko katin fasfo, ko ingantaccen lasisin tuƙi na musamman irin wanda Minesota ke bayarwa, ko katin NEXUS na matafiyan da Amurka da Kanada suka riga suka tantance. Wannan ƙa'ida ta dawowa ta tudu da ruwa tana aiki tun 1 ga Yuni 2009. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 takardar haihuwa ta wadatar masa, amma in ba tare da iyayensa biyu yake ba, a riƙe wasiƙar amincewa mai sa hannun wanda bai zo ba.

Mai katin zama na dindindin, wato girin kad, ba ya buƙatar bizar Kanada don ziyara. Ya riƙe katin da fasfon ƙasarsa mai sauran wa'adi.

Wanda ba shi da ɗaya daga cikin biyun nan, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko baƙo, hanyar cikin daji ba tasa ba ce. Fasfon Najeriya da na Nijar duk suna buƙatar bizar Kanada, kuma sai an shiga ta mashigar hukuma. Dawowar ma ita ce babbar magana: fita daga Amurka fita ce ko da ta kwana ɗaya ce, kuma tun watan Yuli 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take ba 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wa'adin wata uku, bayan haka kuma wasu ƙa'idojin sun ƙara tsauri ga ƙasashen yankinmu. Ɗalibi ya fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arsa, ya gaya musu ainihin abin da yake shirin yi, su duba takardarsa ta I-20, wadda makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje, da sa hannun tafiya. Baƙon da ya shigo Amurka ta wurin da ba mashiga ba, ba tare da jami'i ya tantance shi ba, laifin shige da fice ya aikata, irin wanda ke bin mutum zuwa ranar da zai nemi zama ko zama ɗan ƙasa. Kwana biyar a tafki bai kai a sayar da wannan ba.

Abu ɗaya kuma da shugaban tafiya zai tambayi kowa a keɓe: Kanada na iya hana mutum shiga saboda tsohon hukuncin kotu, musamman na tuƙi cikin maye. Gara a sani a gida.

Mataki na uku: izinin shiga Kanada

Shekaru da yawa hanyar da masu kwalekwale ke bi ita ce takardar RABC, izinin tsallaka iyaka a wuraren da babu ofis. A da ana nema tun kafin tafiya, a aika kwafin takardun shaida, a biya dalar Kanada 30, a samu izinin shekara ɗaya. Ya shafi yankin da ya taso daga kogin Pigeon zuwa Lake of the Woods da wasu 'yan wurare, kuma 'yan ƙasa da masu zaman dindindin na Amurka da Kanada kaɗai aka riƙa ba. Da ita muka shiga a waccan tafiyar.

Tsarin ya shiga canji. A watan Satumba 2024 CBSA ta dakatar da duba sababbin buƙatu, ta riƙa tsawaita wa'adin takardun da ke hannu. A ƙarshen 2025 ta sanar cewa za ta rufe shirin a Satumba 2026, ta koma tsarin kiran waya daga wuraren da ta keɓe. Saboda haka kada ka dogara da labarin wanda ya je shekara uku da suka wuce. Buɗe shafin hukumar da kanka a lokacin da kake shiri, ka sake buɗewa mako guda kafin tashi, ka ga ko mashigar da ka zaɓa tana cikin wuraren da aka amince. Lambar cibiyar rahoton wayar ita ce 1-888-226-7277. Idan kira za ka yi, mutum ɗaya ne zai yi magana da sunan kowa, fasfo duka a hannunsa. Za a tambaye shi sunaye, ranakun haihuwa, dalilin zuwa, kwana nawa, da abin da aka ɗauko. A ƙarshe a ba shi lambar rahoto. Ya rubuta ta da biro a takarda, ya saka cikin jakar leda tare da fasfo. Mafi ƙarancin tarar rashin kai rahoto a Kanada dalar Kanada 1,000 ce, kuma suna da ikon kwace kwalekwalen.

Akwai hanya mafi sauƙi wadda mutane ke mantawa da ita: a shiga Kanada da mota. Ka bi babbar hanya ta 61 zuwa mashigar kogin Pigeon, ko ka haye gada daga International Falls zuwa Fort Frances, jami'i ya duba ka ido da ido, sannan ka nufi garin Atikokan ka shiga Quetico ta arewa, ta tafkin French ko Nym ko Beaverhouse. Ka fito ta inda ka shiga, ka dawo Amurka ta mashigar mota. Duk wanda takardunsa ke buƙatar hatimi, wannan ce hanyarsa.

Mataki na huɗu: takardun dajin

Wannan ba shi da wuya. Izinin Quetico ana kama shi ta shafin gandun Ontariyo, a kan wata mashiga da wata rana takamaimai. In za ka kwana a Boundary Waters a hanyar zuwa ko dawowa, tsakanin 1 ga Mayu da 30 ga Satumba sai da izinin da ake kamawa a Recreation.gov. Mai shigowa daga Kanada akwai mashigarsa ta musamman, lamba 71. Mutum tara ne iyakar ayari a duka dazukan biyu, kuma a gefen Amurka kwalekwale huɗu. An hana abincin gwangwani da na kwalba.

Mataki na biyar: abin da ke cikin jaka

Iyakar daji iyaka ce kamar ta filin jirgi, dokar kaya ɗaya ce. Bindiga a bar ta gida. Feshin korar dabbar beyar ana shiga da shi Kanada muddin an rubuta a jikinsa cewa na dabba ne, amma feshin barkonon da ake yi don mutane haramun ne a can. Tabar wiwi, duk da cewa Kanada da Minesota sun halatta ta, tsallaka iyaka da ita laifi ne ta kowane gefe, don haka shugaban ayari ya faɗa wa kowa wannan a fili. Kada a ɗauko itacen wuta daga wani wuri, yana yaɗa ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. A Quetico ba a kamun kifi da tana ko ƙananan kifi, sai abin yaudara na roba ko ƙarfe, kuma sai an matse ƙayar ƙugiya da filaya.

Sai maganar kilishi. Na san babu guzurin da ya dace da irin wannan tafiya kamarsa: ba nauyi, ba ya lalacewa, yana riƙe ciki. Amma naman da aka kawo daga Najeriya ko Nijar ba ya cikin abin da ƙasashen nan biyu ke bari ya shigo, kuma bayyana kowane nama dole ne. Ka sayi busasshen naman halal na kanti, a cikin ledarsa da tambarin inda aka yi shi, ka duba ƙa'idar abincin Kanada ta wannan lokacin domin tana sauyawa idan cutar dabbobi ta ɓulla. Dabino, gyaɗa, garin kunu da shinkafa ba su cika kawo matsala ba, amma in an tambaya ka lissafa su. Mai son dawowa da kifin da ya kama ya tsaya kan adadin lasisinsa, ya bar ɗan fata a jikin kowane yanka don a gane irinsa.

Mataki na shida: dawowa

Tun kana gida, inda akwai intanet mai ƙarfi, ka sauke manhajar CBP ROAM a wayarka. Kyauta ce. Za ka shiga da asusun Login.gov, ka cike bayanan kowane matafiyi, ka ɗauki hoton fasfonsa da fuskarsa, ka saka bayanin kwalekwalen. Kada ka bar wannan aiki sai bakin ruwa, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Ka kashe wayar a daji, ko ka riƙe ɗan batirin caji don ranar fita kawai.

Da zarar kun fito kun samu sabis, kafin wanka, kafin abinci, ka buɗe manhajar ka aika rahoton isowa. Za ta tambayi inda kuka shigo, su wa ke tare, da abin da kuka ɗauko. Jami'i zai duba, wani lokaci ya amince kai tsaye, wani lokaci ya kira ta bidiyo. Ranar da nake ba ka labari, mun ɗan yi tafiya a mota kafin layukan sabis su fito, muka tsaya a gefen hanya. Kiran ya shigo, jami'ar ta ce kowa ya cire hula ya kalli kyamara, ta kira sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kwana nawa muka yi a Kanada da ko mun sayo wani abu ko mun ɗauko kifi. Ni ta ce in ɗaga katin zamana kusa da fuskata. Duka abin bai wuce minti biyar ba, saƙon amincewa ya shigo. Na ɗauki hoton allon na ajiye.

In manhajar ta ƙi, ko aka ce ku zo da kanku, sai a nufi ofis. Akwai na CBP a Ely da Grand Marais da Crane Lake, sai dai ƙanana ne, ba dare da rana suke aiki ba, don haka ka kira tun kafin tafiya ka rubuta lokutansu da lambarsu a bayan taswira. Mashigun Grand Portage da International Falls su ne manyan da ke kusa. Mai fitowa ta Saganaga ya tuna cewa hanyar Gunflint kusan kilomita 90 ce kafin Grand Marais, ya lissafa lokacin fitowarsa da wannan. Duk wanda ke buƙatar takardar shiga ta I-94, ko yake da kayan da za a biya wa haraji, manhaja ba ta isar masa ba, sai ya tsaya gaban jami'i. Kowa da ke ayarin ya kasance a wurin har a gama. Kada wani ya ja motarsa ya kama hanyar Minneapolis yana cewa a yi masa.

Dokar kwastan ta Amurka ta tanadi tarar dala 5,000 a karon farko na rashin kai rahoto, da 10,000 a kowane karo bayansa. Masu cewa ba a kama kowa suna manta cewa tafiyar ta bar sawu: sunanka na cikin izinin Quetico, na cikin rajistar Kanada, jami'an sintirin iyaka kuma suna zagaya bakin ruwan nan. Mai katin NEXUS ko Global Entry, takwaransa na Amurka, na iya rasa katinsa a kan irin wannan. Mai girin kad kuwa wata rana zai cike takardar neman zama ɗan ƙasa, inda ake lissafa tafiye-tafiyen da ya yi zuwa waje, kuma zai so abin da ya rubuta ya yi daidai da abin da ke cikin kwamfutarsu.

Idan abin da ba a shirya ba ya faru

Iska na tashi a manyan tafkunan nan cikin ɗan lokaci. Basswood da Saganaga na iya tayar da igiyar ruwan da kwalekwale mai kaya ba zai jure ba, kuma tsawa a tsakiyar tafki ba abin wasa ba ce. In hadari ya taso gaɓar Kanada ce mafi kusa, ka nufe ta, rai ne a gaba. Bayan kun tsira ka rubuta rana, lokaci, sunan wurin a taswira da dalilin saukar, ku koma ruwanku da zarar an lafa. In kun samu sabis ka kira hukumomin biyu ka faɗa musu yadda aka yi, kada ka jira su tambaya.

Wanda kuma sai da ya isa gida ya gane bai kai rahoto ba, ya kira ofishin CBP mafi kusa da inda ya fito a ranar, ya faɗi gaskiya ba ragi ba ƙari, ya rubuta sunan ofishin da lokacin kiran da abin da aka umarce shi. In ba ɗan ƙasa ba ne, ya fara magana da lauyan shige da fice cikin gaggawa, da fasfonsa da izinin Quetico da taswirar hanyar da ya bi a gabansa.